Tif Mai Laushi Ko Mai Tauri? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Fatar Bakin Sandar Sinuka Da Ful

Tif shi ne ɗan guntun fatar nan da ake liƙawa a bakin sanda, wanda ake goga wa alli. Faɗinsa bai wuce farcen yatsa ba, amma komai tsadar sanda, shi kaɗai ne yake taɓa farar ƙwallo. A da da zallar icce ake bugu, dole kuma a buga tsakiyar ƙwallo, in an kauce kaɗan sanda ta goce. Wani tsohon hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa ƙirƙiro bakin fata mai lanƙwasa wajen shekarar 1807, daga nan ne aka iya jawo fara baya ko a murɗa ta gefe. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin 'yan wasa da masu gidajen sinuka.

Ba ni da lokacin dogon bayani. Wanne zan saya?

Matsakaici. In sandarka mai siririn baki ce ta sinuka, milimita 9 zuwa 10, ɗauki matsakaici ko wanda ya ɗan karkata wajen laushi. In mai kaurin baki ce ta ful, wato wasan mai ƙwallaye masu lamba, milimita 12 zuwa 13, ɗauki matsakaici ko wanda ya ɗan karkata wajen tauri. Ka yi wata guda kana wasa da shi kafin ka yanke masa hukunci. Daga matsakaici ne mutum yake gane inda hannunsa ya fi so ya nufa, wanda kuwa ya fara da ɗaya daga cikin gefuna biyu ba shi da abin kwatantawa.

Me ake nufi da tauri a nan?

Yadda fatar take lotsewa lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Haɗuwar ba ta daɗewa, kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ce, kafin ƙiftawar ido an gama ta sau da yawa. Mai laushi yakan lotse sosai, ya ɗan fi jimawa manne da ƙwallo. Mai tauri yakan lotse kaɗan, ya sake ta da wuri.

Abu uku ne suke kawo taurin: irin fatar da yadda aka jeme ta, yawan matsar da ta sha a masana'anta, sai kuma dukan da ta sha a tebur. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom takan fito da laushi da gashi-gashi. Wadda aka jeme da ɓawon itatuwa, kwatankwacin yadda majemanmu suke yi da bagaruwa, takan fito a tsuke da ƙarfi.

Gaskiya ne mai laushi ya fi sa ƙwallo juyi?

Wannan magana ta zagaye duk gidajen wasa na duniya, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Juyin fara yana fitowa ne daga abu biyu: nisan inda tif ya taɓa ta daga tsakiya, da saurin sanda. Shi kuwa abin da yake hana tif gocewa a kan ƙwallo mai santsi, alli ne. Allin wasa ba irin na makaranta ba ne, garin yashi ne mai laushi da wasu sinadarai masu kaushi, waɗanda suke nutsewa cikin fata ta gefe ɗaya su ciji ƙwallo ta ɗaya gefen.

Akwai iyakar da ba a wucewa, ko da wane irin tif ne. In ka auna daga tsakiyar fara zuwa gefenta, kusan rabin wannan tazarar ce iyakar. Ƙwallon sinuka faɗinta milimita 52.5 ne, daga tsakiya zuwa gefe 26 ke nan da ɗoriya, saboda haka iyakar tana wajen milimita 13. A ƙwallon ful ta Amurka mai milimita 57, iyakar tana wajen 14. Ka wuce nan, sai ka ji ƙas, sanda ta zame. David Alciatore, tsohon malamin injiniyanci a jami'ar jihar Kolorado da ke Amurka, ya daɗe yana ɗaukar bugu da kyamara mai matuƙar sauri, kuma abin da ya nuna shi ne muddin tif yana da siffa mai kyau da alli, bambancin juyi tsakanin mai laushi da mai tauri ɗan ƙanƙane ne.

To me ya sa ƙwararrun 'yan wasa da yawa suke rantsuwa da mai laushi? Domin yana yafe sakaci. Fuskarsa a buɗe take, tana riƙe alli ko da ka manta ba ka goga ba bugu ɗaya ko biyu. Mai tauri yakan yi sheƙi da wuri, alli ya daina zama, ya zame maka a lokacin da ba ka so. Wanda sanda ta taɓa goce masa sau biyu a gaban jama'a, daga nan hannunsa ya riƙa tsoron sauka ƙasan ƙwallo, sai ya buga kusa da tsakiya ba tare da ya sani ba, fara ta ƙi dawowa, ya ɗora wa taurin tif laifi. Laifin na tsoro ne da rashin gyaran fuskar fata.

Ashe ke nan babu bambanci?

Akwai, sai dai a wani wuri yake.

Na farko, ji a hannu da kunne. Mai laushi yakan yi dif, bugun ya iso hannu a sanyaye. Mai tauri yakan yi ƙwas, ka ji shi har gwiwar hannu. Kada a raina wannan, domin da wannan jin ne ɗan wasa yake auna ƙarfin bugunsa, musamman a ƙananan bugu na kusa inda ake son fara ta tsaya a tafin hannu guda.

Na biyu, riƙe siffa. Mai laushi yana bajewa, gefensa ya kumbura ya fito waje da zoben da ke bakin sanda ƙarƙashin tif kamar lemar kwaɗi, samansa kuma ya kwanta. Dole a riƙa datsewa ana gyarawa, kowane gyara kuwa yana cin fata, shi ya sa ba ya daɗewa. Mai tauri yana iya yin watanni siffarsa ba ta motsa ba, aikinsa kawai a riƙa karce sheƙin.

Na uku, ƙarfi. Fata mai laushi tana shanye wani abu daga ƙarfin bugu, mai tauri tana miƙa shi ga ƙwallo. A bugun yau da kullum da wuya ka lura, amma a fasa ƙwallaye ko dogon bugu mai ƙarfi yana bayyana.

Me ya sa shawarar sinuka ta bambanta da ta ful?

A nan sai an yi hattara da suna. A garuruwanmu kusan duk teburin da ake buga ƙwallo da sanda sinuka ake ce masa, alhali mafi yawansu ful ne, mai ƙwallaye 15 masu lamba, wasu masu zane wasu zalla, har da baƙa mai lamba 8. Sinuka ta ainihi, wadda ake gasar duniyarta a zauren Crucible na birnin Shefild a Ingila tun 1977, tana da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6, a kan tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Saboda haka kafin ka bi shawarar wani a intanet, ka duba ƙwallon da kake bugawa.

Ƙwallon sinuka ba ta da nauyi sosai, wajen giram 140 take, ramukan kuma matsattsu ne, wasan ya fi dogara ga taushin hannu. Tif mai ɗan laushi yana jure wannan. Ƙwallon ful ta Amurka tana kai giram 156 zuwa 170, kuma ana yawan dukanta da ƙarfi, don haka mai laushi ba ya daɗewa yake bajewa. Akwai kuma ful irin ta Ingila, mai ja da rawaya, inda farar ƙarama ce, faɗinta bai fi milimita 48 ba. Sandarta siririya ce, baki milimita 8 zuwa 9, kuma a irin wannan sirantar mai laushi ƙwarai ba ya da inda zai tsaya, matsakaici ya fi zama.

Mene ne bambancin mai fata ɗaya da mai hawa-hawa?

Mai fata ɗaya guntu guda ne aka huda daga fata mai kauri aka matse. Elk Master, Triangle da Le Pro duk irinsa ne, daga kamfanin Tweeten na birnin Shikago. Elk Master mai laushi ne, launinsa shuɗi-shuɗi, kuma shekara da shekaru shi ne abincin 'yan sinuka tare da Blue Diamond. Le Pro ya ɗan fi matsakaici tauri, Triangle kuma ana lissafa shi cikin masu tauri. Suna da araha, amma fatar dabba ba ta zama daidai daga baya zuwa ciki, don haka a kwali ɗaya mai 50 sai ka samu na kirki, ka samu wanda da an sa masa samfefa zai tashi kamar auduga.

Mai hawa-hawa kuwa siraran fatu ne, galibi 8 zuwa 10, aka jera aka manne. Moori da Kamui daga Japan suke, Talisman daga Tailan. Amfaninsu shi ne wanda ka saya yau zai yi kama da wanda ka saya bara, kuma ba sa saurin bajewa. Aibinsu biyu: tsada, domin guda ɗaya yakan ci kuɗin masu fata ɗaya da dama, sai kuma ɓarewa, inda hawa ɗaya yake ɗagowa in an yi musu gyaran ganganci. A ganinmu wanda bai kai ga iya gyara tif da hannunsa ba, gara ya koyi aikin a kan mai araha tukuna.

Wanda aka rubuta wa M a wannan kamfani daidai yake da M na wancan?

A'a. Babu ma'auni guda da kamfanoni suka amince da shi. Kamui suna rubuta SS, S, M, H, daga mafi laushi zuwa mai tauri, M kuwa shi ne matsakaici. Century na Ingila suna jera nasu daga G1 mafi laushi zuwa G5 mafi tauri. Harafin yana gaya maka matsayin tif ne a cikin 'yan gidansu kawai. Matsakaicin mai hawa-hawa sau da yawa ya fi matsakaicin mai fata ɗaya tauri. In ka samu wanda ya karɓe ka, ka riƙe sunan kamfani da harafin tare.

Ta yaya zan gane taurinsa kafin in liƙa?

Danna farcen babban yatsa a gefensa. In farce ya nutse ya bar alama mai zurfi, mai laushi ne. In alamar ta fito kaɗan ta koma, matsakaici ne. In farce ya zame bai bar komai ba, mai tauri ne.

Hanya ta biyu ta kunne ce. Ka saki tif daga tsayin tafin hannu a kan gilashi ko tayil. Mai tauri zai yi tik ya yi tsalle, mai laushi zai faɗi shiru. In kana zaɓe daga kwali, jera goma ka sake su ɗaya bayan ɗaya, za ka ji bambancin sarai. Ka kuma juya bayansa ka duba: in zaren fatar ya tashi buzu-buzu ko akwai tsaga, ajiye shi. Jabu sun yi yawa a kasuwa, musamman na manyan sunaye, kuma araha ba ta ado, in an yi maka Kamui a kuɗin alli ka san abin da ka saya.

An ce da fatar alade ake yin wasu. Haka ne?

Haka ne. Yawancin masu hawa-hawa, har da Moori da Kamui, da fatar alade ake yin su, saboda siririya ce kuma kaurinta daidai yake. Wanda yake son kauce wa wannan yana da zaɓi: Talisman suna da samfurin da suke rubuta wa WB, na fatar ɓaunar ruwa ta Asiya, kuma kamfanoni da dama suna bayyana irin fatar a jikin kwali. Ka karanta kafin ka biya. Ko ba don wannan ba ma, ɗabi'ar nan ta lasar yatsa a shafa wa gefen tif gara a bar ta, ɗigon ruwa yana yin aikin.

Na sa mai laushi, bayan sati biyu ya koma mai tauri. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba, haka fata take. Kowane bugu matsa ce, kamar yadda ake daɓe ɗaki. Mai laushi shi ya fi canzawa, ya fara da dif ya ƙare da ƙwas, kuma yana gajarcewa taurin yana ƙaruwa domin fatar da ta rage tsakanin ƙwallo da zobe ta yi kaɗan. Mai tauri kusan yadda ka sa shi haka zai mutu.

Shi ya sa masu gyaran sanda da yawa suke matse Elk Master a cikin bais, ƙarfen nan na matse abu, na 'yan awoyi ko kwana guda kafin su liƙa, don ya gama zamansa tun a waje. 'Yan ful na Amurka har jiƙa shi suke yi a madara ya kwana, su matse, ya bushe, ya fito da tauri. In za ka matse, sa shi tsakanin ƙarafa biyu masu santsi, ka ɗaure a hankali. In ka yi masa da ƙarfi lokaci ɗaya zai tsage ta gefe.

Sandata tana yawan zamewa. Tif ne ko ni ne?

Duba fuskarsa a wajen haske. In tana ƙyalli kamar goshin takalmin da aka yi wa foli, sheƙi ne, alli ba shi da wurin zama. Ɗauki samfefa mai lamba 120 zuwa 180, ka danna ta a kai kana mirginawa, kada ka goge kamar mai wankin tukunya. Ana son a buɗe fuskar ne, ba a cinye ta ba.

Sannan duba allin. In ya yi rami mai zurfi, gefen ramin yana gogar zobe ne, tsakiyar tif kawai take samu, alhali gefen tif shi ne yake taɓa ƙwallo in kana buga ƙasa ko gefe. Goge allin a siminti ya dawo da faɗi. Shafa ake yi, daga tsakiya zuwa gefe, ana juya sanda, ba murzawa kamar mai huda ƙwarya ba. Hodar da ake shafa wa hannu ma tana da laifi: in ta hau tif ko ta shiga ramin alli, santsi take kawowa.

In fuska ta yi daidai, alli ya yi daidai, amma zamewar ba ta tsaya ba, to hannu ne. Alamarsa ita ce kai yana ɗagowa kafin a gama bugu, ko hannun baya ya damƙe sanda daidai lokacin haɗuwa, bakin ya nutse ƙasa da inda aka nufa. Canza tif ba ya maganin wannan.

Wace siffa ta dace?

Tudu mai zagaye, ba shimfiɗaɗɗe ba, ba kuma mai tsini ba. 'Yan ful suna auna lanƙwasar da sulallan Amurka biyu, ƙarami mai faɗin kusan milimita 18 da babba mai 21. Siririyar sanda ta fi son lanƙwasar ƙaramin. In ba ka da abin gyara na kanti, nemi guntun bututun roba na famfo wanda faɗin cikinsa ya faɗo tsakanin 18 da 21, ka tsaga shi gida biyu a tsaye, ka liƙa samfefa a cikin ramin. Shimfiɗaɗɗen tif yana taɓa ƙwallo da bakin gefensa in ka sauka ƙasa, nan take ya zame. Mai tsini kuwa yana sa juyin da ba ka nema ba, kuskure kaɗan a nufi sai fara ta murɗe.

Da sandar wasa zan fasa ƙwallaye a ful?

In tif ɗinka mai laushi ne, kada ka yi. Fasawa goma masu ƙarfi sun isa su kwantar da siffar da ka ɓata rabin awa kana gyarawa. Sandar fasawa daban ake ware mata, baki milimita 13 zuwa 14, da fata mai tsananin tauri ko kuma fenolik, wato dangin robar da ake yin ƙwallayen da ita. Fenolik yana ba da ƙarfi amma ba ya riƙe alli sosai, tsakiyar fara kawai ake bugawa da shi, kuma yana barin tabo a jikin fara da ƙuna a ƙyallen tebur. Wasu gasanni ba sa yarda da shi, ka tambaya kafin ka je. A sinuka wannan magana ba ta taso ba, buɗe wasa a can bugu ne na dabara.

Taurin tif yana sa fara ta kauce daga layi?

In ka buga gefen dama, fara takan ɗan tafi hagu, haka ma akasi. Abin da yake kawo wannan shi ne nauyin ƙarshen sanda, kamar santimita 15 zuwa 20 na gaba, har da zobe. Tauri ba shi da wani hannu na a zo a gani. Zoben tagulla mai kauri ya fi kowane tif ƙara kaucewar.

Hunturu da damina suna taɓa tif?

Sosai. Da hunturu fata takan bushe, ta ƙara tauri, ta yi saurin sheƙi, mai hawa-hawa kuma ya fi ɓarewa a wannan lokaci. Iccen sandar ma yana ɗan tsukewa, zobe ya saki, ka fara jin wani ƙaras-ƙaras a kowane bugu wanda za ka ɗauka daga tif ne. Riƙe zoben da yatsu biyu ka murɗa, in ya motsa shi ne mai laifin. Da damina fata takan sha laima, ta yi laushi, ta baje, alli kuma ya dunƙule ya riƙa barin tabo a ƙwallo.

Wanda yake son jin da ba ya canzawa tsakanin yanayi biyun, matsakaici mai ɗan tauri ya fi masa. Kada a bar sanda a but ɗin mota da rana, zafin yana sakin gam yana lanƙwasa icce. Sauran tif da alli a ajiye su a gwangwani mai murfi. Kuma duk bushewar fatar kada a shafa mata man kaɗanya ko basilin. Fatar takalmi ce take son mai, ta bakin sanda in ta sha mai ta gama aiki, alli ba zai sake kama ta ba.

Yaya ake liƙa sabo?

Tanadi sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, samfefa mai lamba 240 da mai 400, salatif na takarda, da gam mai saurin kamawa, sufa-gulu, mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa domin fata tana shanye mai ruwan kafin ya kama. Tif ya fi zobe faɗi da rabin milimita zuwa ɗaya: zobe mai 9.5 a sa masa mai 10.

Yanke tsohon dab da zobe. Kankare ragowar gam da fata har icce da tagulla su fito fes, kana riƙe da reza a kwance. A nan mafi yawan aiki yake lalacewa, domin in ka goge bakin da samfefa a hannu, gefuna sukan ci fiye da tsakiya, ya zama tudu, tif ya zauna yana lilo. Ɗora bayan reza a kai ka ɗaga wajen haske, in haske yana ratsowa ta ƙasa bai daidaita ba.

Shimfiɗa samfefa 240 a kan gilashi, ka goga bayan sabon tif a zagaye har sheƙin masana'anta ya tafi. Hure ƙurar, kada ka sake taɓa wurin da yatsa. Naɗe zoben da salatif don gam kada ya ɓata shi. Ɗiga gam kamar ƙwayar gero biyu, ka baza shi ya rufe fuskar duka, ka ɗora tif a tsakiya, ka danna da babban yatsa minti guda cur. Bar shi ya huta aƙalla minti 15, in da hali awa guda.

Daga nan kifa sandar, tif a ƙasa a kan katako. Bi jikin zobe da reza kana saukowa, kana datse abin da ya fito kaɗan-kaɗan, kana juya sanda. Yanka ƙanana da yawa sun fi manya huɗu. Miƙe sandar, ka fitar da tudun da samfefa, daga tsakiya zuwa gefe, koyaushe ƙasa ake ja. Ja sama yana ɗaga zaren fata, a mai hawa-hawa kuwa yana ɓare shi. A ƙarshe shafa ɗigon ruwa a gefen kawai, ka murza da guntun fata ko bayan kwali har ya yi zafi ya yi duhu yana sheƙi. Wannan murzar ce take ɗaure gefen ta hana shi bajewa, kuma mai laushi ya fi kowa buƙatarta.

In sandar ta kabon ce, baƙar nan mara icce, kai wa wanda ya saba. Reza tana yi mata rauni da ba ya gyaruwa, kuma galibi akwai wani siririn faifai ƙarƙashin tif da bai kamata a kankare shi ba.

Na liƙa, kwana biyu ya fita. Me ya faru?

Ɗaya cikin huɗu: bakin bai daidaita ba, ba a goge bayan tif ba, maiƙon yatsa ya hau, ko gam ɗin ya mutu. Sufa-gulu da aka buɗe ya yi makonni a zafin shago yakan yi yauƙi ya rasa ƙarfi. Duba tif ɗin da ya faɗo zai gaya maka: in gam yana gefe ɗaya kawai, matsalar daidaito ce, in bayan nasa fes yake ba fata ko ɗaya da ta maƙale a zobe, gam bai taɓa shiga fatar ba.

Ina da gidan wasa. Wanne ya dace da sandunan haya?

Mai fata ɗaya, matsakaici zuwa mai tauri, irin Le Pro ko Triangle, na liƙawa. Sandar haya hannu ɗari take bi, ana fasawa da ita, ana dogara ta a ƙasa, wani ma ya buga ta a gefen tebur in ya yi kuskure. Mai laushi ba zai yi sati ba, mai hawa-hawa kuwa asarar kuɗi ce.

Masu murɗawa da masu shiga kamar hula suna da sauƙin canzawa, shi ya sa suka cika gidajen wasa, amma suna kwancewa, fatar da ke kansu kuma sau da yawa ba ta da kirki. In da su kake aiki, ka bi su kowace safiya ka ɗaure. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada sanda ta fita wasa babu fata. Zobe tsirara yana karce fara, in ya zame kuma ya yage ƙyalle, kuɗin ƙyalle guda kuwa ya sayi tif na shekara.

Ga fata a Kano da Sakkwato, ba za a yanka a gida ba?

Fatar akuya, har jar nan ta Sakkwato da ta yi suna a duniya, ta yi siranta da laushi ga wannan aiki. Jemammiyar fatar saniya mai kauri, irin ta ƙasan takalmi, tana iya fitar da kai kunya in an rasa. A huda ta da mahudi mai zagaye, a ɗan jiƙa, a matse a bais ta kwana biyu har ta bushe, sannan a liƙa gefen gashi yana ƙasa, gefen nama yana sama domin shi ne mai kaushin riƙe alli. A tabbata dukawa ba su shafa mata mai ko foli ba. Roba da tayar mota kuwa ba sa yi ko kaɗan.

Yaushe zan canza, kuma in ina da gasa fa?

Dubi gefen da yake tsaye tsakanin zobe da inda tudu ya fara. In ya ragu zuwa milimita ɗaya, lokaci ya yi. Haka in ya tsage, in hawa ya ɗago, in sautinsa ya koma na fasasshiyar ƙwarya, ko in ka karce shi yau gobe ya sake sheƙi. Mai wasa kullum da mai laushi zai iya canzawa duk wata biyu ko uku, mai tauri ko mai hawa-hawa yakan haura rabin shekara.

Kada ka sa sabo ana gobe gasa. Ka ba shi aƙalla sati guda. A kwanakin farko zai ɗan baje, ka datse, ka sake murza gefen, ka gyara tudun sau ɗaya ko biyu, sannan ya zauna. In kuma ya faɗo maka a tsakiyar gasa, shi ya sa ake yawo da biyu ko uku irin naka sak, waɗanda aka riga aka matse aka goge bayansu, tare da sabuwar reza da gam da ba a buɗe ba a cikin jakar sanda.